Babandi Ya Kawo 'Yan Bohimiya Sabo

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan ya san Babandi, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Mutum ne da bai taɓa ƙarasa aikin da ya fara ba, amma bai taɓa rasa bayanin yadda ya kamata wasu su yi nasu ba. Ya sayar da wayar hannu, ya yi kiwon kifi a bahon wanka, ya yi dillancin filin da ko hanyarsa bai sani ba. Abin da ke riƙe da gidansa shi ne waina da miyar taushe da matarsa Khaulat ke yi tana sayarwa daga cikin gida. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ke ciyar da rabin unguwa.

Wata rana surukinsa ya aike shi Legas ya kai kaya. Ruwan sama ya tare shi, ya fake a wani ɗakin taro, ya tarar ana lacca ana kuma raba lemo da cincin. Don lemon ya zauna. Mai laccar yana bayanin cewa ba masana'antu kaɗai ke bunƙasa birni ba. Inda masu zane da mawaƙa da marubuta suka taru, aka sami gidajen shan kofi da wuraren hira, nan masu basira ke kwararowa, masu hannu da shuni su biyo bayansu. Ya kira irin waɗannan mutane 'yan bohimiya. Daga nan ya shiga sharuɗɗa da matsaloli, amma sanyin ɗakin ya riga ya kwashe Babandi, bai farka ba sai da aka yi tafi.

Ya sauka a Sabo da wata hula shimfiɗaɗɗiya a karkace kamar faifai, da tabarau marar gilashi, da ƙyalle naɗe a wuya cikin zafin Ibadan. Ko gida bai shiga ba, ya zarce teburin mai shayi ya sanar da jama'a cewa Sabo barci take yi, shi kuma ya zo tada ta. Ya ce manyan masana sun gayyace shi Legas sun nemi shawararsa, kuma an yi ittifaƙi cewa abin da unguwar nan ta rasa shi ne 'yan bohimiya.

Malam Zainulabidin, wanda makarantar allonsa ke bakin layinsu, ya ajiye kofin shayinsa ya tambaya wace ƙabila ce wannan, kuma daga wace jiha suke.

Babandi ya yi murmushin tausayi. "Allah gafarta Malam, ba ƙabila ba ce. Mutane ne da ba sa zuwa ofis, ba sa taje kai, ba sa sa kaya irin na kowa. Suna zaune ne kawai suna tunani."

Malam ya ce, "To ai muna da su. Zauna-gari-banza muke ce musu. Ga ka ma."

Aka yi dariya, Babandi ya ce dama haka ake yi wa duk wanda ya riga zamaninsa.

Kusan duk gidajen layin na Alhaji Abdulsalam ne, wani tsohon ɗan kasuwar goro da kunnensa ba ya jin komai sai abin da zai amfane shi. Akwai wani shago nasa a bakin layi da ya daɗe a rufe, daura da makarantar Malam. Babandi ya je ya durƙusa, ya zuba masa lacca tun daga farko har inda barci ya ɗauke shi a Legas. Alhaji na ta gyangyaɗi, har Babandi ya zo wurin da ake cewa in masu zane suka shigo unguwa, darajar gidaje kan tashi. Nan Alhaji ya buɗe ido tar, ya ce a maimaita masa wannan. Babandi ya maimaita har da ƙari. Alhaji ya laluba aljihu ya miƙa masa makulli.

Aka buɗe shago, aka sa masa suna Gidan Fikira. Babandi ya hana a kawo benci, wai benci na kashe basira. Ya jero tsofaffin tayoyi da katakon da ake ɗora buhuna a kai, ya rataya kwan lantarki a cikin kwalbar manja. Sai kofi. Ya sayo garin a unguwar Mokola, bai tambayi yadda ake dafawa ba, ya zuba shi kamar mai dama kunu, ya kuma haramta sukari da madara. Dattawan layi suka zo don ganin ido. Na farko ya kurɓa ya tambaya ko na basir ne. Na biyu ya kurɓa, ya fita waje ya daɗe. Malam Zainulabidin ya zauna a kan katako don zumunci, da zai tashi ƙusa ta riƙe masa babbar riga ta farke ta tun daga aljihu har ƙasa.

Babandi ya ce a ƙasashen da suka ci gaba, da gangan ake yaga tufafi.

Malam ya tattara rigarsa ya ce Allah ya kai shi can lafiya, ya kuma bar shi a can.

Wuri ya samu, saura 'yan bohimiyar. Babandi ya hau okada ya bazama nema. A bayan shataletalen Mokola ya sami Akinola, wani Bayarabe mai gashin dada, wanda ke walda da rubutun allon shaguna, yana kuma haɗa siffofi da tarkacen ƙarfe don sha'awar kansa. Akinola da gaske yake aikinsa, kuma ya daɗe yana neman wanda zai ba shi wuri. Da Babandi ya ce masa shi ne wakilin masu raya birane na Afirka ta Yamma, sai ya gaskata, don bai san shi ba.

Mutum ɗaya ba ya cika shago, saboda haka Babandi ya wuce tashar Ojoo ya yi shela cewa duk mai basira yana da wurin zama da abinci kyauta a Sabo. Kalmar kyauta ta yi aikinta. Kafin la'asar Gidan Fikira ya cika. Akwai mai gurmi da tsirkiyarsa ta tsinke tun bara, akwai wani da ya ce shi marubuci ne amma yana jiran ilhama, akwai masu ganga biyu, da wani dogo da bai faɗi basirarsa ba, ya dai zaɓi taya mafi girma ya kwanta.

Babandi ya tsaya a ƙofa yana nuna su ga masu wucewa kamar wanda ya sayo shanu.

Abincin kyautar kuwa daga kaskon Khaulat yake fitowa. Kullum da hantsi Babandi zai shigo ya kwashe wainar da ta soya ta sayarwa, ya ce jari ne. Masu saye su aiko, a ce ta ƙare. Da abin ya ishe ta, ta tare shi a tsakar gida da ludayi a hannu.

"Baban Najiba, waɗannan baƙin naka me suke ƙirƙira ne?"

"Tunani suke yi. Ke ba za ki gane ba, sai an kai wani mataki."

"Na gane mana. Tunanin nasu da miya yake tafiya, jiya har ƙari suka aiko nema."

Ya ce tarihi zai tuna da ita. Ta ce tarihi ya zo ya sayo mata shinkafa.

Don a san wanda ya kawo wayewa, Babandi ya sa a zana fuskarsa a bangon shagon. Akinola ya ce a ba shi lokaci, Babandi ya ce basira ba ta jira, ya karɓi buroshi ya ƙarasa da kansa. Ya ja haɓa ta yi tsawo, ya ƙara gemu don kwarjini, hular kuma ta fito da kusurwa biyu a sama. Ba a kwana biyu ba masu keke suka fara kiran wurin Kwanar Bunsuru, har fasinja na cewa a sauke su a nan. Babandi ya ce ka ga, har unguwa ta sami alama a taswira.

Masu ganga kuma ilhamarsu ba ta sauka sai daidai lokacin da ɗaliban Malam suka ɗauki karatu. Malam ya aiko a yi magana, Babandi ya mayar da amsa cewa sautuka biyu in sun haɗu sabon fanni ake samu. Malam ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, ya dubi dogon da ke kwance a taya, ya tambaya ko wannan yana da rai. Aka ce yana da shi. Ya ce to a riƙa juya shi, kada ya manne.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tada layin shi ne ranar da Alhaji Abdulsalam ya zagaya gida gida da kansa, yana sanar da 'yan haya cewa ya ƙara kuɗin haya. Aka tambaye shi dalili, tunda rufin na yoyo kamar da, kwata na toshe kamar da. Ya ce unguwa ta bunƙasa, Babandi ne ya gaya masa, ga bunsuru ma a bango shaida. Daga ranar babu mai amsa sallamar Babandi da baki cike. Mata suka daina aiko wa Khaulat da ɗan abincin zumunci, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba. Mai shayi ya fara ba shi kofin da ya tsage.

Da wani mai hankali ne, da ya lafa. Babandi sai ya sa ranar gagarumin biki, ya ce a ranar za a ƙaddamar da wani abin tarihi da zai sa masu kuɗin Legas su yi layi a Sabo, kowa ya manta da zancen haya. Ya umarci Akinola ya haɗa wata siffa ta ƙarfe mai tsayin mutum biyu. Akinola ya ce yana son tsofaffin kayan da mutanen unguwar suka yi amfani da su, don siffar ta ɗauki ruhin wurin, kuma a je a roƙa ko a saya. Babandi ya ce ya bar masa wannan, mutanen Sabo ba sa ƙi masa komai.

Bai roƙi kowa ba, don ya san amsar. Ya ari baro, ya riƙa fita da tsakar rana lokacin da layi ke yin tsit. Duk abin da ya gani a ƙofar gida babu mai shi a kusa, sai ya yanke hukuncin cewa an yar. Akinola ya tambaye shi ko masu kayan sun yarda, don wasu sun yi masa kyau da yawa a ce tarkace ne. Babandi ya ce da kuka suka ba shi, don murna. Aka yi aikin a bayan shago cikin rufin tamfol. A layi kuwa aka shiga cigiya, aka fara zargin masu jari-bola, har aka kori wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar biki ta zo, wata Asabar da yamma. Babandi ya yi hayar rumfa da lasifika, ya gayyato wani ma'aikacin gidan rediyo da alƙawarin cewa zai ga abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Yarbawa. Masu kuɗin Legas ba su zo ba. Mutanen layi kuwa sun zo kaf, ba don ƙauna ba, sai don kowa na son ya ga abin da aka ƙara masa haya a kansa. Alhaji na kujerar gaba. Malam na gefe da carbinsa. A bayansu ga Hajiya Saudat, tsohuwar da ke dafa abincin biki da suna a unguwar, wadda ta kwana biyu tana neman babbar tukunyarta, ga kuma aikin biki a gabanta washegari.

Babandi ya karɓi lasifika ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce kafin zuwansa Sabo duhu ce. Ya ce nan gaba kaɗan Turawa za su riƙa neman biza don shigowa layin nan, kuma wanda ya raina shi yau, gobe sai ya cike takarda kafin ya gan shi. Marubucin nan da ke jiran ilhama aka kira ya karanta waƙa, ya ce ba ta iso ba tukuna. Sai masu ganga suka buga, Babandi ya kama tamfol ya fizge.

Wani ƙaton dodo ne tsaye, hannuwa a buɗe. Aka yi shiru ana kallo. Gaskiya Akinola ya iya aikinsa, abin ya tsaru. Babandi ya ɗauki shirun nan a matsayin girmamawa, ya fara bayanin cewa wannan shi ne Sabon Ɗan Sabo.

Mai shayi ne ya fara magana, a hankali, kamar mai tambayar kansa. Ya ce wannan gwiwar ta hagu ta yi kama da butarsa. Wani ɗan okada ya matso ya leƙa, ya ce hannun dama salansar babur ɗinsa ce da ya cire zai wanke. Wata murya daga baya ta gano murhun gawayinta a ƙirjin dodon. Malam ya daina jan carbi, don ya hango kujerarsa ta ƙarfe mai naɗewa, wadda ya yi shekaru yana karantarwa a kanta, ta zama haƙarƙari. Alhaji yana cikin dariyar mutane sai ya lura cewa bayan dodon ƙyauren tagarsa ne da ya ba da gyara.

Hajiya Saudat ba ta dubi gwiwa ko ƙirji ba. Sama ta kalla. Kan dodon tukunyar dalmarta ce a kife, an ɗaure da waya, an zana mata ido biyu da farin fenti.

Ta ce, "Babandi, sauko min da tukunyata."

"Hajiya, ai yanzu ta wuce tukunya. Ta shiga tarihi."

"To fito min da ita daga tarihin, gobe da asuba zan ɗora shinkafa."

Akinola ya juyo ya dubi Babandi, ya tambaye shi da Hausarsa mai gauraye da Yarbanci ko ba shi ne ya ce da kuka aka ba shi ba. Mai shayi ya ce ƙwarai an yi kuka, amma bayan an ɗauka ne. Akinola ya cire safar hannunsa ya jefar, ya koma gefe ya naɗe hannu.

Daga nan babu wanda ya jira izini. Kowa ya nufi kayansa. Mai shayi ya kama gwiwa, ɗan okada ya kama hannu, Alhaji da tsufansa ya zagaya baya yana jan ƙyaure. Babandi ya ruga ya rungume dodon ta gaba, yana roƙon jama'a su girmama fasaha, yana kiran 'yan bohimiyarsa su kawo ɗauki. Ko ɗaya bai amsa ba. Tun da aka ambaci buta suka sulale, har dogon nan na taya, wanda ranar ce aka fara ganin gudunsa.

Gwiwa ta fita, dodon ya karkata, wayar wuya ta tsinke. Tukunyar ta sulmiyo daga sama ta kifu a kan Babandi, ta wuce hula, ta wuce kunnuwa, ta zauna a kafaɗa daram.

Aka ja, ta ƙi. Wuyan tukunyar ya matse, kunnuwan Babandi kuma Allah ya yi musu faɗi, sun shiga a kwance sun miƙe a ciki. Ya tashi yana tangaɗi da idanun fenti biyu suna kallon jama'a, ya yi karo da rumfa, ya yi karo da lasifika. Ma'aikacin rediyon, wanda tun ɗazu yake hamma, ya farfaɗo ya kara makirufo a bakin tukunyar, ya tambayi shugaban Gidan Fikira yadda yake ji. Murya ta fito daga ciki tana amsa-kuwwa, tana cewa duk wannan cikin shiri ne, wani nau'in wasa ne da sai wayayyu ke ganewa.

Malam ya ƙwanƙwasa tukunyar da ɗan yatsa ya saurara, ya ce bai taɓa jin maganar Babandi ta yi nauyi irin na yau ba.

Mutanen layi suka ga dama ta samu, suka kewaye Alhaji suka nuna masa tarin ƙarfen da ke ƙasa, suka tambaye shi ko wannan ce bunƙasar. Alhaji ya dubi ƙyaurensa da walda ta ɓula, ya dubi ɗan rediyo da ke miƙo masa makirufo, ya yi gyaran murya. Ya ce ya janye ƙarin haya a kan kowa, ban da gida ɗaya. Tunda Babandi ne kaɗai ya ga unguwar ta ci gaba, shi ya kamata ya biya kuɗin ci gaban. Wani sauti ya fito daga cikin tukunyar, ba a gane ko magana ce ba.

Saura fitar da kai. Akinola, duk da fushinsa, ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya ce zai tsaga wuyan tukunyar a hankali, ba zai taɓa fata ba. Hajiya Saudat ta sha gabansa. Ta ce tukunyar nan ta girmi Babandi, ta ciyar da unguwar nan a biki da suna, kuma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. In dai dole sai an yanka wani abu, to a duba kunnen.

Aka sasanta a kan manja. Aka aika gidan Babandi, Khaulat ta aiko da kwalba guda da saƙon cewa ita ce ta ƙarshe da zai kwasa a kicin ɗinta. Aka kwantar da shi a kan katakon nan mai ƙusa, aka tsiyaya manja ta wuya, maza biyu suka riƙe ƙafafu, biyu suka kama tukunya. Aka ja, aka murɗa, aka sake ja, sai ga kai ya fito da ƙara kamar an buɗe kwalba. Ya zauna jajir da manja tun daga gashi har gemu, kunnuwa a saɓule, yana ƙifta ido. Ya dubi taron da ya cika layi har bakin titi, ya buɗe baki ya fara cewa yaushe rabon Sabo da ta tara jama'a haka.

 Hajiya Saudat ta ɗaga tukunyarta ta juya ta gaba da baya tana neman lotsawa. Ta leƙa ciki, ta sansana, ta yamutsa fuska, sannan ta dangwara masa ita a cinya. Ta ce ya wanke ta da toka da ruwan zafi, ya kuma dirje cikin sosai, don ba ta son abin da ke cikin kan nan ya kama mata shinkafar mutane.